Baƙar Marsandin Ntate Phakisi

Tankiso Phakisi ya iso Sebokeng ranar Laraba da hantsi, ubansa na kwance a wurin masu shirya gawa tun Lahadi, ya tarar an raba aikin makoki kaf ba a ajiye masa ko tsinke ba. An kafa rumfa a ƙofar gida har ta cinye rabin titi. An jibge kujerun roba, an zaɓi akwati, an kama gurbi a maƙabarta, an ɗaure san da za a yanka a gidan maƙwabci. Duk abin da ya tambayi wanda ya yi, amsa ɗaya ce: Mohau, mijin ƙanwarsa Puleng. Mohau ɗin nan mai gyaran famfo, mai yawo a wata tsohuwar akori-kura da ƙofarta ba ta rufuwa sai an ɗaure da waya, shi ne yau ake nema kafin a motsa cokali a gidan Phakisi.

Abin ya tsaya wa Tankiso a rai, shi da yake ɗan fari kuma namiji tilo. Amma ba mutumin da zai bari a ga an taɓa shi ba ne. Abin da ya iya shi ne raini, kuma ya iya shi ƙwarai. Ya dubi rumfar ya ce launinta na bikin yaye ɗalibai ne. Ya dubi kujerun ya ja tsaki. Matan coci da suka cika kicin suna gasa burodin makoki bokiti-bokiti, ya ce ciki ne ya kawo su ba baƙin ciki ba. Shekarun da ya yi a Midrand yana aiki a wani kamfanin inshora sun koya masa cewa duk abin da aka yi a Sebokeng da rabin hankali aka yi shi.

Uwarsa na zaune a kan katifa a ƙasa, cikin ɗakin da aka kwashe gado da komai, lulluɓe da bargo, kyandir na ci a gefenta. MaTankiso duk unguwa ke ce mata, da sunansa, 'ya'yanta kuwa Mme. Kusa da ita kuwa Rakgadi Selloane ce, yayar marigayin, gwaggon gidan, wadda in aka yi wa kowa tambaya ita ke amsawa. Tankiso ya durƙusa ya gaisa, sannan ya faɗi abin da ya yanke tun yana hanya: ranar Asabar shi zai tuƙa uwarsa zuwa maƙabarta, a bayan motar gawa, cikin baƙar marsandin ubansa.

Rakgadi ta ce masu gawa na ba da motar iyali, an gama wannan maganar tun kafin ya ga dama ya zo. Sai murya ta fito daga ƙarƙashin bargon.

"Bar shi, Rakgadi. A motar ubansa zan tafi. Ɗana zai kai ni."

Mohau bai yi musu ba. Ya fita ya buga wa masu gawa waya ya ce a soke motar iyali. Magana ta zauna ke nan: in ba marsandi, MaTankiso ba ta da abin hawa zuwa kabarin mijinta. Tankiso ya fito daga ɗakin yana jin daɗi har cikin ransa. Ya riga ya hango abin: layi cike da jama'a, motar gawa a gaba, shi a bayanta riƙe da sitiyari, uwarsa a kujerar baya. Ranar nan kowa zai tuna wane ne ɗan gidan, duk zirga-zirgar Mohau ta mako guda ta tashi a banza.

Ya shiga gareji ya yaye tamfol. Marsandin tsohuwa ce, ubansa Ntate Phakisi, wato Baba Phakisi, ya saye ta da ya bar aikin masana'antar ƙarfe, kuma ga idon kowa tana sheƙi. Tankiso ya ja ƙofa ya rufe, ya haska tocila a kan bonet. Baƙin fenti ba ya rufa wa kowa asiri. Ƙarƙashin hasken sai ga zane-zane sirara, zagaye-zagaye kamar saƙar gizo, daga bonet har but. Ya san inda suka fito. Duk Lahadi bayan coci tsohon kan wanke ta da sabulun kwanuka, bokiti ɗaya, da tsohuwar singileti. Da gwiwoyinsa suka gaza sai ya koma kai ta wurin masu wanki na kan kwana, mutanen da tsumman da suka goge taya da shi suke goge bonet. Tankiso ya girgiza kai ya ce mutum ya mallaki mota irin wannan ya riƙa wanke ta kamar tukunya. Ko mamacin bai tsira daga bakinsa ba.

Washegari da safe, lokacin da maza ke sauke itacen girki, ya tafi Vanderbijlpark shagon kayan fentin mota. Mai shagon, wani dattijo mai tumbi, da jin baƙar mota sai ya miƙo masa kwalba ɗaya, ya ce wannan ta haɗa komai: tana wankewa, tana gogewa, tana sa kaki, har baƙin rini gare ta mai cike zane.

Tankiso ya yi wa kwalbar kallon hadarin kaji.

"Ntate, wannan ai na 'yan tasi ne. Rini ba ya cire zane, ɓoye shi yake, ruwan sama na farko ya tona asiri. Ka san bambancin folish da kaki kuwa, ko dai sayarwa kawai kake yi?"

Mai shagon ya ce ya sani, amma hakan bai hana Tankiso karanta masa ba. Folish cin fenti yake, in ji shi, yana aske ɗan sama-sama har fentin ya daidaita da zurfin zanen. Kaki kuwa ba ya gyara komai, rufewa kawai yake, in ka shafa shi kan zane ka adana zanen ne da kyau. Ya ƙi folish mai kaushi, ya ce fentin tsoho ne ya yi siriri, mai kaushi zai cinye har ya isa fari. Ya ɗauki matsakaici na cire zanen, da mai laushi na share sawun matsakaicin, don a kan baƙi har sawun gyara ganinsa ake. A kan kaki ya fi daɗewa. Mai shagon ya yaba masa na ruwa, na kemikal, wanda ke kai wata da watanni. Tankiso ya ce wannan ƙyallin leda yake bayarwa, na farar mota ne da masu gaggawa. Ya sa aka buɗe masa gwangwanin kaki mai tauri, wanda ake samu daga ganyen wata bishiya ta Brazil, ya shinshina, ya ce wannan ne ke ba baƙi zurfi har ka ji kamar za ka tsoma hannu.

Mai shagon ya tambaya ko biki ne. Da ya ji jana'izar uba ce sai ya cire hula ya ce Allah ya ba su haƙuri. Tankiso ya gyaɗa kai ya tambaya ko akwai tsummoki masu laushi marasa ɗinkin baki, don ɗinkin ma zane yake yi.

Gaskiya dai a kan fenti ba a kama shi da kuskure. Ya wanke motar da bokiti biyu, ɗaya na sabulu ɗaya na ɗauraye soso. Ya liƙe robobi da tef. Ya fito da injin gogewa daga but ɗin motarsa, don da shi yake yawo, ya bi jikin marsandin taki-taki, yana yi yana haska tocila. Ƙarar injin ta riƙa ratsa waƙar matan coci a cikin rumfa, ya ji sarai, ya ce a ransa ai ba wata murya gare su ba.

Ranar Juma'a da safe Mohau ya ƙwanƙwasa ƙofar garejin ya leƙo, ya kira shi Abuti, wato yaya.

"Abuti Tankiso, an kawo san. Dattawa sun ce ɗan gida ya zo ya tsaya."

"Rufe ƙofar nan, ƙura kake shigo min da ita. Ku da kuka iya wuƙa ku yi mana. Ko sai na riƙe muku hannu?"

Aka yanka san babu shi. Dattawa suka yi ta ƙananan maganganu, wani kawunsa ya ce ai yaron ya samu gawar da zai yi wa wanka, ta fi ubansa tsada a wurinsa. Maganar ta kai kunnen Tankiso ta bakin Puleng, ya ce mutumin da bai taɓa mallakar keke ba ne zai faɗi haka.

Da la'asar ya goge kakin ƙarshe. Ya tura motar waje ya ajiye ta a tsakar gida daidai ƙofar shiga, ya ce iska za ta sha, alhali ya san lokacin kawo gawa gida ya yi. Kuma ta yi kyau, babu mai musu. Baƙin ya yi zurfi, rumfa da sama da wayoyin lantarki duk suka kwanta a jikinta tsaf. Motar gawa ta iso, aka ɗauki waƙa, maza suka sauko da akwatin, Tankiso ya kama hannu ɗaya a gaba. Suna wucewa ta gefen marsandin sai ga akwatin a jikin ƙofarta, ga masu ɗauke da shi, ga fuskokinsu, kamar jana'iza biyu ke shiga gidan. Waƙar ta ɗan yi rawa. Wasu mata suka kau da kai. Tankiso ya ɗauka sha'awa ce ta kama su.

Tun ranar Lahadi aka shafe tagogin gidan da jiƙaƙƙiyar toka, aka juya madubin falo ya fuskanci bango, aka lulluɓe talabijin da zane. Gidan da aka yi rashi ba a barin abin da mutum zai ga kansa a ciki har sai an fita da mamaci. Tankiso ya ga wannan tun zuwansa, ya haɗa shi da sauran abubuwan da yake ja wa tsaki, ya manta.

Rakgadi Selloane ba ta manta ba. Ana cikin addu'a a ɗaki ta zame ta nufi murhun manyan tukwane a bayan gida, ta kwashi toka a kwano, ta zuba ruwa, ta samu tsumman goge daɓe. Ba mace ce mai aikin ha'inci ba. Ta fara da gilasai, ta bi bonet, ta bi ƙofofi, ta hau kan akwatin lemo ta shafe rufin, tana murzawa da ƙarfin wadda ta yi shekara da shekaru tana goge dandamalin ƙofar gida. Da Tankiso ya fito, marsandin ta koma launin tsohuwar tukunya, Rakgadi na ɗauraye hannu.

Ya tsaya baki buɗe.

"Rakgadi, me kika yi?"

"Abin da ya kamata ka yi da kanka, da kana da kunya. Ana shigo da ƙanena gida ka ajiye masa madubi a ƙofa? So kake ya ga kansa ya ƙi tafiya?"

"Kin san abin da toka ke yi wa fenti? Yashi ce. Da dutse kika ɗauko kika goga da ya fi min sauƙi."

"To ka kai ni kotu, ɗan Midrand. Gobe in an fito da shi ka watsa mata ruwa ka ɗauki uwarka. Mota ce, ba amarya ba."

Mazan da ke yankan nama suka sunkuyar da kai suna dariya ƙasa-ƙasa. Tankiso ya ce musu jahilci ba abin dariya ba ne, ya tura motar cikin gareji shi kaɗai, ya rufe ƙofa.

Aka kwana ana waƙa da wa'azi a rumfa. Gari na wayewa ya zuba wa motar ruwa a hankali, bai taɓa ta da hannu ba sai da tokar ta sauka, sannan ya haska tocila. Zanen ubansa ya cire, ga na gwaggonsa ya maye gurbi, sabo fil, manya-manyan zagaye. Sai dai in ka kashe tocilar, mota ce baƙa mai sheƙi. Duk Sebokeng babu wanda zai ga komai, in ma ya gani ba zai san aibu ba ne. Wannan tunanin ya zo masa, kuma shi ne ya ƙara tunzura shi. Ai saboda ba su san komai ba ne bai kamata a yi aiki daidai idonsu ba. Rana za ta daki bonet ɗin a maƙabarta, shi zai gani, ya san gwaggonsa ta ci nasara. Ya ce bonet da ƙofofin baya kawai zai taɓa. Ya jona injin.

A rumfa aka fara hidima. Fasto ya yi magana, abokan aikin marigayin suka yi, wakilin maƙwabta ya yi, Mohau ya yi godiya a madadin iyali. Tankiso na jin amon lasifika, ya san mutanensa: in suka samu makirufo sai an ƙwace. Ya gama bonet, ya ga ƙofar gaba ta bambanta da shi, ya bi ta. Ya gama ta, sai ga rufin. Ya shafa kaki ko'ina yana jira ya bushe.

Puleng ta turo ƙofa, idanunta sun kumbura.

"Abuti, an sa Ntate a motar gawa. Mme ta fito, tana bakin ƙofa."

Ya nuna mata motar. Kakin ya yi fari-fari a jikinta, ya ce in bai goge shi yanzu ba zai kama, in kuma ya fita da ita haka rana za ta gasa shi. Ya ce ta je, ga shi nan. Ta tsaya tana kallonsa, ya ce ta ja ƙofar in za ta fita.

A waje MaTankiso na tsaye, bargo ya rufe ta tun daga ka, mace ɗaya ta riƙe ta dama ɗaya hagu. Motar gawa ta tsaya da injinta a kunne, an bar gurbin mota guda a bayanta, sannan sauran motoci da bas-bas har ƙarshen layi. Waƙa ta ƙare aka sake wata. Direban motar gawa ya fito ya raɗa wa Mohau cewa Asabar ce, maƙabarta cike take, kuma suna da wata gawar bayan wannan. Tsohuwar ta gaji da tsayuwa, kwana da kwanaki tana zaune a katifa. Aka kawo mata kujera ta ƙi zama, ta ce ɗanta na zuwa.

Mohau ya shigo garejin da kansa, wannan karon bai ƙwanƙwasa ba.

"Abuti, ka fito da ita yadda take. Ko ka ba ni makullin in kawo ta ƙofa, kai ka tuƙa."

"Da waɗannan hannuwan za ka taɓa min ita? Saura gefe ɗaya. Mutanen da ba su taɓa zuwa ko'ina a kan lokaci ba, yau ne suka san agogo?"

Mohau ya dube shi, ya fita. Ya kwance wayar ƙofar akori-kurarsa, wadda ta ɗauko itace da kayan cikin san da aka yanka, ya shimfiɗa kwat ɗinsa a kujera. Matan suka taimaka wa MaTankiso ta hau, Rakgadi ta matsa kusa da ita, aka sake ɗaure ƙofar. Akori-kura ta shiga gurbin da aka bari, jerin motoci ya motsa.

Tankiso bai ji tafiyarsu ba, yana tsugunne yana bin gefen ƙarshe da tsumma. Da ya buɗe gareji ya fito da motar, babu kowa a layin sai mata masu girki, suka bi shi da ido riƙe da muciya. A lokacin ne ya gane an tafi an bar shi. Ya taka mota, amma hanyar maƙabarta ranar Asabar ba ta san gaggawa ba, jerin gawa na bin jerin gawa. A cikin maƙabartar kuwa rumfuna ne ko ta ina, kowace da waƙarta. Ya leƙa jana'izar mutanen da bai sani ba har ya gaji kafin ya hango hular Rakgadi. Ya iso maza na karɓa-karɓa da shebur, kabarin ya kusa cika. Ƙasar farko da ɗa ke zubawa, wani ya zuba. Ba wanda ya miƙa masa shebur, shi ma bai nema ba.

Aka koma gida, aka wanke hannu a bahon bakin ƙofa, aka ja layin tuwon masara da nama. Marsandin na gefen titi tana ɗaukar ido, masu faranti na wucewa ta gabanta ba mai tsayawa. Tankiso ya shiga ɗakin uwarsa. Ta koma kan katifa, an sauke mata bargon zuwa kafaɗa, Puleng na cire mata takalmi. Ya durƙusa ya fara bayani: tokar, da abin da take yi wa baƙin fenti, da yadda kaki ba ya jira, da cewa da an ƙara masa ɗan lokaci kaɗan da komai ya tafi daidai. Ta bar shi har ya gama.

"Ta yi kyau?"

Ya ɗago da sauri. Ya ce ƙwarai, ba ta taɓa yin kyau irin na yau ba, in ta leƙa ta taga za ta gani.

"To madalla," in ji ta. "Ni ban ga komai ba, bargo ne a kaina. Ƙafafun mutane kawai nake gani, a ƙofa da bakin kabarin. Na yi ta duba takalmanka a cikinsu."

Ta ce wa Puleng ta kawo mata shayi, ta gyara bargonta, ta juya ta fuskanci bango.